Tallafin Gwamnati Ga Naƙasassu: Wa Ya Cancanta, Kuma Ina Ake Nema?

Gabatarwa

Duk wanda ya iya karatu da rubutu a unguwa irin Maisandari, ko yana so ko ba ya so, ya zama magatakardan maƙwabta. Shi ake kai wa takardar asibiti ya karanta, shi ake miƙa wa waya ya duba saƙon da ya shigo da Turanci, kuma shi ake tara da tambaya idan an ji a rediyo cewa gwamnati za ta yi rabo. Ɗalibin harshe kuwa nasa kason ya fi na kowa, tun da ana ganin ai fassara ita ce sana'arsa. Daga cikin tambayoyin da ke yawan dawowa akwai mai cewa: "An ce gwamnati na biyan naƙasassu albashi duk wata, to ina ake yankar fom ɗin?"

Amsar a taƙaice ita ce, babu wannan fom. Gwamnatin Tarayya ba ta da wani tsari na biyan mutum kuɗi wata-wata saboda kawai yana da naƙasa. Sai dai wanda ya ba da wannan amsa ya ja bakinsa ya yi shiru bai kyauta wa mai tambaya ba, domin akwai ƙofofi da dama da naƙasasshe zai iya ƙwanƙwasawa, kowace da sharuɗɗanta da takardun da take nema da ofishin da ke riƙe da makullinta. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bambance waɗannan ƙofofi, ta yadda ɗalibin da aka tambaya ba zai tura gurgu ofishin da ba nasa ba, ya sa shi asarar kuɗin Keke Napep a banza.

An ɗauki Maisandari ne a matsayin misali saboda abin da ta gani. Mazaɓa ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Birnin Maiduguri, kuma a cikinta ne sansanin Bakasi yake, a kan hanyar Damboa, wanda ya ɗauki dubban 'yan gudun hijira daga Gwoza da Monguno da Marte da sauransu, har zuwa ƙarshen 2021 da aka rufe shi. An sake buɗe shi na ɗan lokaci a watan Satumba na 2024, bayan da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta malale garin. In aka miƙe da hanyar kuma sai Molai, inda tsohon asibitin kutare yake. Rikicin da ya taso tun 2009 ya bar mutane da yawa babu hannu ko babu ƙafa, wasu ƙarar bam ta kashe musu kunne, wasu kuma firgici ya taɓa musu hankali. A jihar Borno ne kuma aka samu yara na ƙarshe da asalin ƙwayar shan-inna ta kama a Nijeriya, a shekarar 2016. Ke nan tambayar da aka fara da ita ba ta raha ba ce a wannan yanki.

Kalma ɗaya, ma'anoni huɗu

Rabin ruɗanin daga harshe ya faro. A rediyo da bakin jama'a, duk abin da ya fito daga hannun hukuma sunansa "tallafi". Alhali kuwa abubuwa huɗu ne mabambanta aka cusa cikin buhu guda. Akwai haƙƙi, wato abin da doka ta ce naka ne, wanda in an hana ka za ka iya kai ƙara. Akwai tallafi na ainihi, wato agajin da gwamnati ke tsarawa don rage talauci, wanda take iya farawa yau ta dakatar gobe ba tare da ta karya wata doka ba. Akwai diyya, wadda ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, da 'yar'uwarta fansho. Sa'an nan akwai kyauta, irin kekunan guragu da buhunan shinkafa da ake rabawa a gaban 'yan jarida ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, ko kuwa gab da azumi. Wanda ya ɗauki haƙƙinsa a matsayin kyauta zai je yana roƙo a inda ya kamata ya nema kai-tsaye, wanda kuma ya ɗauki kyauta a matsayin haƙƙi zai zauna jiran abin da babu wanda ya yi masa alkawarin dawowarsa.

Ita kanta kalmar "naƙasa" ararriya ce daga Larabci, tushenta na nufin tawaya ko raguwa, shi ya sa wasu suka fi son a ce "masu buƙata ta musamman" ko "masu lalura ta musamman". Waɗannan kuma fassara ce daga Turanci, kuma suna da nasu aibin: sun yi faɗi har ba a san wa ake nufi ba, domin mai ciki ma tana da buƙata ta musamman. A wannan maƙala an riƙe "naƙasa" saboda ita ta fi kusa da kalmar da ke cikin doka. Hausa dai tun asali ba ta cika tara mutanen nan a ƙarƙashin suna ɗaya ba. Makaho daban, kurma daban, gurgu da kuturu da bebe da zabiya kowa da sunansa, har ma da sarautunsu, irin su Sarkin Makafi da Sarkin Kutare.

Yadda aka yi tambaya ma yakan canja lissafi. Ƙidayar 2006 ta ce naƙasassu a Nijeriya su 3,253,169 ne, wato kashi 2.32 cikin ɗari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa kimanin kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna da naƙasa. Ɗaya daga cikin dalilan wannan tazara shi ne, in ka tsaya a ƙofar gida ka ce, "Akwai naƙasasshe a gidan nan?" mai gida zai ce, "Allah ya kiyaye, babu." In kuwa ka ce, "Akwai wanda ke shan wahala wajen gani ko da ya sa tabarau? Akwai wanda tafiya ko hawa tudu ke yi wa wuya?" sai a tuna da kaka da ke kwance a ɗaki shekara uku. Irin waɗannan tambayoyi na biyu, guda shida, su ne masu bincike suka koma amfani da su, kuma da su aka yi aiki a binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018. Duk ɗalibin da wata rana aka ɗauka aikin fassara takardar tambayoyi ya tuna da wannan.

Wa doka take kira naƙasasshe?

Babbar dokar da ake dogaro da ita ita ce Dokar Hana Nuna Bambanci Ga Naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019. Ta daɗe tana yawo kafin nan. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu tun 2010, Majalisar Tarayya kuma ta zartar da ƙudurin fiye da sau ɗaya ba a sa masa hannu ba. Dokar ce ta haifi Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, mai hedkwata a Abuja, wadda aka kafa a 2020. James David Lalu ne ya fara riƙe ta a matsayin babban sakatare, sai Ayuba Gufwan ya gaje shi a 2024.

Dokar ba ta jero sunayen cututtuka ta ce ga waɗanda suka shiga ba. Abin da ta duba biyu ne: daɗewar lalurar, da kuma yadda ta tauye mutum. Wato lalura ce ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa ko ta fahimta ko ta gaɓɓan ji da gani, wadda ake sa ran za ta dawwama ko ta ɗauki dogon lokaci, kuma ta rage wa mutum iya gani ko ji ko tunani ko tafiya ko hawa da sauka ko ɗaga kaya ko riƙe abu. Saboda haka wanda ya karye a ƙafa aka yi masa ɗori ya warke cikin wata biyu bai shiga ba. Amma wanda ɓarin jikinsa ya shanye bayan hawan jini ya shiga, ko da kuwa a unguwa ba a kiransa gurgu, "marar lafiya" ake ce masa. Haka yaron da bai iya magana ba, ba ya kuma gane abin da tsararrakinsa ke ganewa, wanda iyaye kan ɓoye a cikin gida ana cewa iska ce.

Hujjar da doka ta sani ita ce takardar shaidar naƙasa, kuma iri biyu ce. Akwai ta wucin gadi, wadda likita ke bayarwa da amincewar hukumar idan ya lura naƙasa ta samu mutumin da yake dubawa, kuma ba ta wuce kwana 180. In lalurar ta zarce wannan wa'adi, sai hukumar ta ba da ta dindindin bisa shawarar likita. Wanda ya bayar ko ya karɓi takardar ta haramtacciyar hanya, hukuncinsa tarar Naira 200,000 ko ɗaurin shekara 1 ko duka biyun. A aikace, abin da wannan ke nufi ga mutumin Maisandari shi ne, tafiyar daga asibiti take farawa, ba daga gidan kansila ba. Rahoton likita na asibitin gwamnati, mai ɗauke da hatimi da kwanan wata, shi ne uwar takardu. Ana iya nemansa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Asibitin Ƙwararru na Jiha, wanda lalurarsa ta ƙwaƙwalwa ce kuma ya nufi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga.

Abin da dokar ta bayar, da wanda ba ta bayar ba

Dokar ta ce naƙasasshe yana da haƙƙin karatu kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, kuma hukumar ce za ta samar da kayan da ke taimaka masa wajen karatun. Ta ce mai lalurar ƙwaƙwalwa a duba shi a ba shi magani kyauta a duk asibitin gwamnati. A lura da kyau, wannan sassauci na mai lalurar ƙwaƙwalwa ne kaɗai. Sauran naƙasassu abin da aka lamunce musu shi ne kada a nuna musu bambanci wajen neman lafiya. Ta ce a fara sallamar naƙasasshe a duk inda ake layi. Ta ba gine-ginen gwamnati da na jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga yadda keken gurgu zai wuce, wa'adin da ya cika tun Janairun 2024, mai karatu kuma yana iya ƙirga matakalar ofisoshin da ya sani ya yi wa kansa hukunci. Wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa, tararsa Naira 100,000 ce ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, in kamfani ne kuma Naira miliyan 1, kuma wanda aka zalunta yana da damar shigar da tasa ƙarar daban.

Sashen da aka fi ambata shi ne na aiki, inda ake cewa doka ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Gaskiya ne, amma akwai wata 'yar gaɓa a cikin jimlar da masu fassara kan tsallake, mai ma'anar "gwargwadon iko". Wannan gaɓa ita ce ta mayar da umarni ya koma shawara, domin duk shugaban ma'aikatar da bai cika kason ba zai ce iyakar ikonsa ke nan. Mai fassarar da ya yar da ita ya sa wa mutane rai da abin da takardar ba ta ɗaure kowa a kai ba. Duk da haka, mai neman aiki ya bayyana naƙasarsa a takardar neman aikin, ya haɗa da shaida, domin ba a lissafa mutum cikin kason da bai ce yana ciki ba.

Abin da babu a dokar daga farkonta har ƙarshenta shi ne kuɗin wata-wata. Abin mamaki kuma, ita wannan doka ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara, ko yawo da shi don neman sadaka. An rufe ƙofa ɗaya ba a buɗe wata ba. A nan ne misalin jihar Jigawa yake da amfani: a 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassun da aka tantance Naira 7,000 a kowane wata, da nufin raba su da bara. Wataƙila daga can ne labarin "albashin naƙasassu" ya bazu a Arewa. Amma tsari ne na jiha guda, don 'yan jihar, kuma ko a can ba kowane naƙasasshe ya samu shiga ba. A Afirka ta Kudu kuwa abin doka ce ta ƙasa: duk mai shekara 18 zuwa 59 da likitan hukuma ya tabbatar ba zai iya aiki ba, kuma samunsa bai kai wani mizani ba, zai cika fom a biya shi fiye da rand 2,000 a wata. Wannan shi ne fom ɗin da mai tambayarmu yake nema, sai dai ba a ƙasarsa yake ba.

Akwai kuma batun jihohi. Makarantun firamare da sakandare da yawancin asibitoci a hannun jihohi suke, don haka dokar tarayya ba ta cika aiki a can sai jiha ta yi tata. Filato ta riga kowa tun 2005, Legas ta yi a 2011. A Borno, al'amuran naƙasassu suna ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Mata da Ci Gaban Al'umma, kuma nan ne ofishin farko da ya kamata a sani a matakin jiha.

Kuɗin hannu: rajistar da ba a neman shiga

Kuɗin da Gwamnatin Tarayya ke tura wa mutane kai-tsaye na talauci ne, ba na naƙasa ba, kuma gida ake dubawa, ba mutum ɗaya ba. Tushensa shi ne Rajistar Talakawa ta Ƙasa, wadda aka fara haɗawa a 2016 da taimakon Bankin Duniya. A zamanin Buhari ana ba gida Naira 5,000 a wata, a haɗa na wata biyu a biya 10,000, galibi a hannun uwar gida. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Bola Tinubu ta ƙaddamar da biyan Naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. An dakatar da shirin a farkon 2024 saboda zargin almundahana a ma'aikatar da ke kula da shi, da aka dawo kuma sai aka ɗaura biyan a kan lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, da asusun banki ko na waya.

Yadda ake shiga rajistar ya saɓa wa abin da mutane suka saba. Ba a yankar fom, ba a kai takarda ofis. Jami'ai ne ke zuwa unguwa su tara jama'a, a raba su rukuni-rukuni, maza daban, mata daban, matasa daban. Kowane rukuni zai faɗi abin da yake kira talauci a wurinsa, sa'an nan ya lissafa gidajen da suka dace da wannan siffa. Sai a haɗa jerin sunayen a daidaita, masu ɗaukar bayani su bi gida-gida suna tambayar yawan mutane da irin ɗaki da abin da aka mallaka da ko akwai mai naƙasa. Daga nan kwamfuta ta jera gidajen daga mafi talauci zuwa mai dama-dama. Shiga rajista kuma ba shi ne samun kuɗi ba. Daga cikinta ake tsamo waɗanda za a biya gwargwadon abin da aka ware.

Hikimar tsarin ita ce maƙwabci ya fi jami'in Abuja sanin wanda bai ɗora tukunya ba. Rauninsa kuma a bayyane yake: wanda ba ya iya zuwa taro shi ne aka fi mantawa. Kurma bai ji shela ba, gurguwa ba ta da mai tura ta, mai taɓin hankali kuwa danginsa ba sa son a ambace shi a bainar jama'a. Wanda ya baro Marte ya kama hayar ɗaki a Maisandari bayan rufe sansani, ba lalle ne 'yan unguwa su ƙirga shi a nasu ba. Saboda haka abin yi tun kafin ranar taro shi ne Bulama ya san gidan, ya san akwai naƙasasshe a ciki, in da hali Lawan ma ya sani, kuma ranar da jami'ai suka zo a sami wanda zai tsaya ya ambaci gidan. Wanda aka tsallake yana da damar kai kuka ofishin da ke kula da rajistar a jiha, domin tsarin ya tanadi sashen sauraron koke.

Diyya da fansho

Wannan ita ce ƙofar da ta fi kowace kuɗi, kuma ita ce aka fi jahilta. Dokar Biyan Diyya Ga Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF. Ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. In ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, ko a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida, ko ya kamu da cutar da aikin ya jawo, asusun ne zai ɗauki nauyinsa. Wanda naƙasar ta hana shi aiki gaba ɗaya har abada, doka ta ce a riƙa biyansa kashi 90 cikin ɗari na albashinsa, ban da magani da kayan taimako irin su ƙafar roba.

Sai dai wa'adi ne ke kayar da mutane. Ma'aikaci, ko wani nasa, zai sanar da wanda ya ɗauke shi aiki cikin kwana 14. Shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara 1, sai in akwai uzuri mai ƙarfi. Mu kuwa al'adarmu in abu ya faru sai a ce a bari ya warke tukuna, kada a ce an cika son kuɗi, mai kamfani ya zo dubiya da ledar lemo da 'yan dubbai a ambulan, a yi godiya, shekara ta wuce. Sanarwar nan a rubuce ya kamata a yi ta, a kuma riƙe kwafi. Dokar ba ta shafi sojoji ba, su da nasu tsarin. Ba ta kuma cika amfanar wanda ba shi da uban gida ba, kuma a nan ne gizo ke saƙa, domin yawancin mutanen Maisandari direbobin Keke Napep ne da 'yan tireda da leburori da masu ga-ruwa.

Ma'aikacin da ke cikin tsarin fansho na adashi, kamar na ma'aikatun tarayya da manyan kamfanoni, Dokar Fansho ta 2014 ta ba shi damar taɓa asusunsa kafin ya kai shekara 50 idan likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba.

Lafiya, jarrabawa da kayan taimako

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa naƙasassu cikin rukunin masu rauni da gwamnati za ta biya wa kuɗin inshora, tare da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu juna biyu da tsofaffi. A Borno hukumar BOSCHMA ce ke yin rajistar, kuma ta asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa ake cin moriyar, don haka a can ya kamata a fara tambaya. Gurabe ƙididdigaggu ne, ba kowa ke samu ba.

Wanda ya rasa hannu ko ƙafa ba sai ya tafi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ba kamar da. Tun 2020 akwai cibiyar haɗa gaɓoɓin roba da gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wadda ƙungiyar Red Cross ta duniya ta gina. Ɗan makaranta makaho kuwa, tun 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, wanda ke shirya wa makafi jarrabawa a keɓantattun cibiyoyi, ciki har da Jami'ar Bayero ta Kano, inda ake karanto musu tambayoyi su amsa da rubutun makafi ko na'ura. Sharaɗin shi ne a bayyana naƙasar tun ranar yin rajista. Mai shagon intanet da ke sauri ya sallami layi yakan tsallake wannan gurbi, yaro ya wayi gari an tura shi zauren da babu abin da zai iya yi a ciki.

Rabon kekuna da sandunan makafi da jarin sana'a, ko daga gwamnatin jiha ko daga Hukumar Raya Arewa Maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri, galibi ta hannun ƙungiyoyi yake bi. Uwar ƙungiyoyin ita ce JONAPWD, mai reshe a jihohi, kuma a ƙarƙashinta makafi da kurame da guragu da waɗanda suka warke daga kuturta kowa da rukuninsa. Wanda sunansa ba ya littafin rukuninsa, da wuya labari ya iske shi kafin a gama rabo.

Takardu, 'yan damfara, da aikin tafinta

Kusan kowace ƙofa da aka ambata tana neman lambar NIN, kuma yin rajistarta karon farko kyauta ne. Na'urar tana neman zanen yatsu goma, don haka wanda kuturta ko bam ya raba da yatsunsa ya je da rahoton likita, ya nemi jami'in ya rubuta cewa yatsun babu su, maimakon ya juyo gida. Bayan NIN sai asusun banki da sunan shi mai naƙasar, ba na ɗansa ko ƙaninsa ba, sai hotuna, sai takardar shaidar ƙaramar hukuma. Suna ya zama iri ɗaya a ko'ina. Wanda yake Modu a wata takarda, Muhammad a wata, Mohammed a ta uku, kwamfuta mutum uku take gani. Kada a miƙa ainihin takarda a ofis, kwafi ake bayarwa, a kuma nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a koma da shi gida. Bayan abin da ruwan 2024 ya yi wa akwatunan mutane, ɗaukar hoton kowace takarda a waya ba ƙaramar dabara ba ce.

Duk saƙon WhatsApp ko Facebook da ya ce a latsa nan a cika fom ɗin tallafin naƙasassu, sa'an nan ya nemi lambar BVN da lambar sirri ta katin banki, ko ya ce a tura wani saƙo ga mutum goma kafin a ga suna, na ɓarayi ne. Haka mai yawo da fom a jaka yana karɓar Naira dubu ɗaya "na rajista".

Saura aikin da ya fi shafar ɗalibin harshe, wato rakiya gaban likita. A Maiduguri sau da yawa maganar takan bi harshe uku kafin ta isa takarda: majinyaci ya faɗa da Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Margi, a mayar da ita Hausa, likita ya rubuta da Turanci. In kurma ne kuma sai an sami wanda ya iya maganar hannu, kuma ita ma ba ɗaya ba ce. Wadda kuramen ƙasar Hausa suka gada, wadda Constanze Schmaling ta yi littafi a kanta a 2000, daban take da wadda ake koyarwa a makarantun kurame, mai tushe daga Amurka. Dokar 2018 ta ɗora wa asibitin gwamnati nauyin samar da hanyar sadarwa ga irin waɗannan majinyata, amma mai hankali ya tafi da nasa tafintan.

Babban tarkon kuwa shi ne "da sauƙi". In likita ya ce, "Baba, yaya jikin?" dattijo zai ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," ko da kuwa ɗauko shi aka yi a kafaɗa. Wannan gaisuwa ce da tawakkali, ba rahoton lafiya ba. Tafintan da ya juya ta kalma da kalma zai sa likita ya rubuta cewa majinyaci yana murmurewa, kuma wannan layi guda ya isa ya hana takardar wucin gadi zama ta dindindin, ko ya rage kason diyya. Abin da ya dace shi ne a bar gaisuwa ta wuce a matsayinta, sa'an nan a koma ga tambayoyin da ake amsawa da i ko a'a: yana iya tashi daga tabarma shi kaɗai? Yana iya zuwa bayan gida ba mai riƙe shi? Yana iya ɗaura tazugen wandonsa? Yana gane fuskar mutum daga ƙofar ɗaki? Tun yaushe, kafin ambaliya ko bayanta? Amsoshin waɗannan su ne likita ke buƙata ya sa a rahoto, tare da kwanan watan da lalurar ta fara.